Fetur Ya Shiga Rijiya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsarkake Ruwa Yana Can Cikin Ƙasa

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga bakin masu rijiya da masu bohol a Gombe da kewaye, galibi maƙwabtan gidajen mai da garejin kanikawa, sai kuma 'yan kwamitin unguwa da masu sayar wa 'yan ga-ruwa. Yawanci wani ne ya ji labarin wata rijiya da ake haƙawa ta riƙa wanke ruwa tun yana ƙasa, ba sai an fito da shi ba, yana so ya san ko za ta fisshe shi. Na fara da masu sauƙi, na bar masu zurfi a gaba.

1. Ruwan bohol ɗina ya fara warin fetur. Ta ina man ya bi, bayan an sa kesin har ƙasa?

Ruwan da ke ƙarƙashinmu ba kogi ba ne mai gudu a cikin rami. Yana zaune ne a 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsagogin dutse, kamar yadda yake zama a cikin soso, kuma tafiyar hawainiya yake yi: a yashi mai kyau ma da wuya ya wuce mita ɗaya a yini, a yumɓu kuwa sai ya shekara bai yi taku ɗaya ba. Idan tankin gidan mai da aka binne ya yi tsatsa ya fara yoyo, ko bututun da ke kai mai famfo ya saki a mahaɗa, man zai yi ta tsiyaya ɗigo-ɗigo har ya iske ruwa. Da yake ruwa ya fi shi nauyi, sai ya kwanta a kansa, wani ɓangare nasa yana narkewa yana bin ruwan duk inda ya nufa.

Kesin, wato bututun da ake zurawa cikin ramin bohol, ba ya hana wannan. Bohol ta ƙasa take sha, ta bututun nan mai tsaga-tsaga da masu haƙa ke ce wa sikirin, kuma duk lokacin da ka kunna sumo kana janyo ruwan kewaye ne zuwa gare ka. Mai sayar da ruwa da injinsa ba ya hutawa shi ne ya fi saurin jawo gurɓataccen ruwa gidansa. Ga kuma wani sakaci da ya yi yawa a wurinmu: bohol da yawa ba a zuba musu siminti a ratar da ke tsakanin kesin da bangon rami daga sama ba, sai ratar ta zama titi ga duk abin da ya zube a ƙasa.

2. Ɗan wari ne kawai. In an tafasa, ko an jefa alam, ba shi ke nan ba?

A'a. A cikin fetur akwai wani sinadari da ake kira benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini ga wanda ya daɗe yana sha ko shaƙarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyakar maikirogiram 10 a kowace lita ta ruwan sha. Don a gane ƙanƙantar wannan adadi, mu ɗauka kashi 1 cikin 100 na fetur benzin ne. To, benzin da ke cikin lita ɗaya tak ya isa ya kai ruwa lita 880,000 bakin wannan iyaka, wato cikin tankar mai ta lita 33,000 sau ashirin da shida da ɗoriya. Kuma hanci ba ya jin benzin a wannan mataki. Warin da kake ji na 'yan uwansa ne da suke tafe tare, don haka gushewar wari ba shaida ba ce.

Alam laka yake kwantarwa, kulorin ƙwayoyin cuta yake kashewa, babu ruwansu da mai. Tafasawa kuwa tana korar benzin daga tukunya ne zuwa iskar madafa, mai girki da goyonta su shaƙa.

3. Mece ce ma'anar tsarkake ruwa "a inda yake"?

Tsohuwar hanya ita ce a yi ta zuƙo gurɓataccen ruwan da famfo, a tace shi a sama, a zubar ko a mayar. A baki abin yana da ma'ana, amma man da ya maƙale a jikin ƙwayoyin ƙasa ba ya biyo famfo sai kaɗan-kaɗan. A 1994 wani kwamitin masana a Amurka ya bi diddigin wurare 77 da ake wannan aiki, ya tarar takwas ne kawai aka ce sun kai tsabtar da aka nufa. Ban da wannan, ka fito da ruwa mai guba lita dubbai kullum, ina za ka kai shi? In ka sake shi a kwata, ka mayar da matsalar gidanka ta unguwa.

Shi ya sa aka koma tunanin a bar ruwan a ƙasa, a kai masa maganin can. Rijiya ce ƙofar shiga: ta cikinta ake tura iska, ko sinadari, ko abincin ƙwayoyin halitta masu cin mai. Wadda aka fi tambaya a kanta ita ce rijiyar juya ruwa (tambaya ta 4), sauran suna tambaya ta 13.

4. To yaya rijiyar juya ruwan take aiki?

Ka ɗauki bohol guda mai sikirin biyu maimakon ɗaya: ɗaya can ƙasa, ɗaya a sama daidai bakin ruwa, an raba tsakaninsu da toshiyar roba a ciki da yumɓu na musamman a waje. Sai a zura siririn bututu, injin da ke sama ya riƙa hura iska a cikin ruwan da ke rijiyar. Ruwan da ya cika da kumfar iska ya fi na kewaye rashin nauyi, sai ya taso sama da kansa, sabon ruwa kuma ya shigo ta sikirin na ƙasa ya maye gurbinsa. Ba a bukatar sumo ma a wasu irin, iskar ce famfon.

A lokacin da ruwan yake tasowa ne ainihin aikin ke faruwa. Sinadaran fetur sun fi son zama a iska da zama a ruwa, shi ya sa in ka bar murfin jarka a buɗe warin ke cika ɗaki. Kowace kumfa da ta ratsa ruwan sai ta ɗebi rabonta ta tafi da shi. Da an iso sama, iskar ta rabu da ruwan, wani bututu ya zuƙe ta, shi kuma ruwan ya fita ta sikirin na sama ya koma cikin ƙasa. Daga nan zai gangara a hankali ta cikin yashi, ya wanko man da ya maƙale a hanya, ya sake shigowa ta ƙasa. Haka zai yi ta zagaye, kowane zuwa yana raguwa da ƙazanta, kamar mai wanki da ke ɗauraye riga a ruwa na biyu da na uku.

Abin da ya bambanta ta da tsohuwar hanya shi ne wannan tafiya ta sama zuwa ƙasa. Famfo a kwance yake jan ruwa, ruwan kuma ya bi shimfiɗar yashin da ta fi sauƙi ya bar sauran. Juyawa tana tilasta masa ya ratsa shimfiɗa-shimfiɗa. Kuma da yake abin da aka ɗiba shi ake mayarwa, rijiyoyin maƙwabta ba sa ƙafewa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a gari irin Gombe.

5. Iskar da ta kwaso man, ina take zuwa?

Ana bi da ita ta cikin durom na gawayin tacewa, wanda aka sarrafa shi ya zama da kafofi masu ɗimbin yawa da ke kama tururin. In gawayin ya ƙoshi sai a canza, tsohon kuma shara ce mai haɗari, ba a jefa shi a bola. Gawayin girki na kasuwa ba ya maye gurbinsa. Duk wanda ya kawo maka tsarin da bututun iskarsa ke buɗe a tsakar unguwa, ya ɗauke guba ne daga ruwa ya zuba a hanci, ga kuma haɗarin gobara.

6. A ina aka ƙirƙiro ta? An gwada ta kuwa, ko dai zance ne?

An gwada. A Jamus aka fara, a ƙarshen shekarun 1980, da wata iri da ake taƙaita sunanta da UVB, wadda ke aiki da zuƙar iska. A farkon shekarun 1990 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fito da tasu da aka sayar da sunan NoVOCs. Tun daga lokacin an kafa irinsu a masana'antu da sansanonin soja da tsofaffin gidajen mai a Turai da Amurka. Sakamakon ya kasu: inda ƙasa ta dace ta yi aiki sosai, inda ba ta dace ba an kashe kuɗi ruwa yana zagaye a gindin rijiya kawai. Dalilin yana tambaya ta 8.

7. Wace ƙazanta take cirewa, wacce kuma ba ta iyawa?

Abin da ke tashi ya bi iska kaɗai take cirewa: benzin da danginsa na fetur, da sinadaran wanke maiko irin na masana'antu da shagunan wankin kaya na zamani. Kananzir da man gas sun fi nauyi, ɓangarensu ne kawai ke tashi, sauran sai dai iskar ta taimaka wa ƙwayoyin halitta su cinye a hankali. Baƙin man gareji kusan ba ya motsi.

A nan ne nake ganin mutane suka fi yaudarar kansu, domin mafi yawan rijiyoyin da suka lalace a garuruwanmu ba mai ne ya lalata su ba. Masai ne da sokawe da aka haƙa taku kaɗan daga rijiya, suna zuba mata ƙwayoyin kwalara da taifot da sinadarin naitiret. Iyakar naitiret miligiram 50 ce a lita, kuma ya fi haɗari ga jarirai da ake dama wa madara da ruwan. Iska ba ta taɓa shi, tafasawa ma ƙara masa kauri take yi. Haka fulorayid, wanda ya sa ake ganin haƙora masu dabbare-dabbare a yankin Kaltungo da Billiri: daga dutsen wurin yake narkowa, iyakarsa miligiram 1.5 a lita, kuma sai a sama ake rage shi da matata ta musamman. Ruwan zartsi ma haka.

Ƙarafa irin dalma ba sa tashi. A Zamfara, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a 2010, ƙasar tsakar gidaje aka kankare aka kwashe a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega. Don haka kafin a yi maganar kowace irin rijiya, sai an san mene ne a cikin ruwan (tambaya ta 12).

8. Ƙasarmu ta Gombe da Bauchi ta dace da ita?

Ba amsa ɗaya ba ce, don ƙasar ba ɗaya ba ce. Abin da rijiyar ke so shi ne yashi mai kauri, mai shan ruwa, wanda babu shimfiɗar yumɓu a tsakaninsa. Garin Gombe yana kan duwatsun yashi ne da suka haɗu da laka, kuma duk wanda ya tsaya kan mashin yana haƙa ya ga yadda abin da ke fitowa yake canzawa: yashi, yumɓu, yashi, yumɓu. Ko da yumɓun bai fi kaurin tafin hannu ba, in ya gitta tsakanin sikirin biyu ya yanke zagayen. Ruwan da ya fita ta sama zai kwanta a kansa ya malala gefe, wataƙila ma ya tura ƙazantar gidan da da can lafiya lau yake. Saboda haka a Gombe sai an haƙa an duba wurin da kansa, ba a ɗaukar sakamakon Pantami a kai Tumfure.

Yamma da gari, wajen Akko da Kwami da Dukku har zuwa Alƙaleri da Darazo, akwai yashin da masana ke kira Kerri-Kerri. Yana da kauri, amma ruwansa yana da nisa, a wasu wurare sai an wuce mita 100. Zurfin kariya ne, domin man da ya zube yakan daɗe bai isa ba. In kuwa ya isa, hura iska a wannan zurfi aiki ne mai tsada, kuma yawancin man yana busasshiyar ƙasar da ke sama, inda zuƙe tururin man daga ƙasa ya fi dacewa (tambaya ta 13).

Garin Bauchi kuwa kan fa yake zaune. Ruwansa yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, wanda sau da yawa ba shi da kauri kuma yana da laka, sai kuma cikin tsagogin dutse a ƙasa. A tsaga ruwa ba ya zagaye yadda aka zana a takarda, hanyarsa yake bi. A irin wannan ƙasa, ni ban cika ba da shawarar rijiyar juya ruwa ba sai gwaji ya nuna akasin haka. Wuraren da suka fi dacewa su ne yashin bakin kogi da fadamu, irin na Gongola, muddin ruwan yana da kauri.

9. Mai haƙa bohol ya ce zai wanke min da kwamfresa. Ba shi ne wannan ba?

Ba shi ba ne, ko da yake duka biyun iska ake hurawa. Wankin kwamfresa yana fitar da laka da yashin da suka taru a cikin bohol, aikin awa biyu ko uku. Ruwan cikin bututu kawai ya taɓa. Man yana can a ƙasar da ke kewaye, mai yiwuwa faɗin fili guda ko fiye. Bayan wanki warin zai ragu kwana kaɗan, mai aiki ya karɓi kuɗinsa, mako ya zagayo ka koma gidan jiya. Kuma kwamfresar da ke zubar da mai tana iya ƙara maka wani.

In rijiyar guga ce, kada a tura mai yasa ciki ko kusa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a gindin rijiya yake taruwa, yana sumar da mutum kafin ya ja igiya, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

10. Za a iya mayar da bohol ɗina ta zama rijiyar juya ruwa?

Da wuya. Taka an yi ta ne don ta ba da ruwa: an zuba tsakuwa a bayan kesin daga ƙasa har kusan sama. In aka hura iska, ruwan zai fita ta sama ya gangaro ta cikin tsakuwar nan ya dawo, bai shiga ƙasa ba sam. Amma tana da amfani a matsayin wurin ɗibar samfur.

11. Me ake fara yi kafin a kafa komai?

A tsayar da yoyon. Ana gwada tankuna da bututan da ake zargi da matsin iska, a kuma duba littafin mai: abin da aka sauke da abin da aka sayar, in kullum akwai giɓi, ƙasa ce ke sha. Tankin da ya huje a kwashe man ciki a tono shi, a kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Duk wani aiki da aka yi kafin wannan ɗiban ruwa ne da kwando.

Sai a haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido, aƙalla uku a jere irin na murhu, a auna tsayin ruwa a kowacce don a san inda yake gangarawa. Da su ake gane faɗin wurin da ya gurɓata da zurfinsa. In an tarar da mai yana iyo a kan ruwa, sai an yaɗe shi tukuna da famfo na musamman. Aka kunna juyawa da shi a wurin, za a dama shi ne cikin yashin da bai taɓa ba. A lura kuma da lokaci: da rani, in ruwa ya ja ƙasa, man yakan fi taruwa a cikin rijiya, da damina kuma ruwan ya taso ya shafe shi a jikin ƙasa har a zaci ya tafi. Awon wata ɗaya ba ya ba da labarin shekara.

12. Yaya ake ɗibar samfur, kuma wane gwaji zan nema?

Ba a kai ruwan gwajin mai a gorar roba. Abin da ake nema tashi yake yi, kafin ka isa ya gudu, takarda ta fito ta ce lafiya. Ana amfani da 'yan kwalaben gilashi na mililita 40, a cika su maƙil ba kumfa ko ɗaya, a sa a kula da ƙanƙara, a kai cikin 'yan kwanaki. Gwajin da aka saba yi wa bohol, na gishiri da ƙarfe da ƙwayoyin cuta, ba ya ganin benzin. Sai ka faɗa da bakinka cewa benzin da jimillar sinadaran man fetur kake so, ka kuma tambaya ko na'urarsu tana iya ganin ƙasa da maikirogiram 10. In ba ta iyawa, kalmar "ba a samu ba" ba ta da wata ma'ana.

Sassan nazarin ƙasa da na kimiyyar sinadarai a Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa wuri ne mai kyau na fara tambaya, haka Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna. In maganar za ta kai ga hukuma, a ɗebi samfurin a gaban shaidu, da jami'i da wakilin wanda ake zargi, a raba biyu.

13. Waɗanne hanyoyi ne kuma ake bi ta rijiya?

Akwai hura iska kai tsaye cikin yashin da ke ƙarƙashin ruwa, kumfar ta ratsa ƙasa ta taso da tururin. Wannan dole a haɗa shi da rijiyoyin zuƙe tururi a sama, in ba haka ba tururin zai nemi hanyarsa ya ɓullo a ɗakin wani ko a sokawe. Zuƙe tururi shi kaɗai ma yana aiki sosai inda man ke cikin busasshiyar ƙasa.

Akwai kuma ciyar da ƙwayoyin halitta. A kusan kowace irin ƙasa akwai masu cin fetur, abin da ke tsayar da su yawanci ƙarancin iskar numfashi ne, kuma ɗumin ƙasarmu yana taimakonsu. Wani lokaci rabin amfanin rijiyar juya ruwa ma daga nan yake zuwa. Sai zuba sinadarai masu ƙone ƙazanta ta rijiya, wanda yake da sauri amma ba aikin ɗan koyo ba ne kusa da tankin mai. In yoyon ƙarami ne, an tsayar da shi, kuma ba mai shan ruwan kusa, akan bar ƙasa ta yi aikinta ana aunawa lokaci-lokaci. Sharaɗin shi ne aunawar. Bari ba awo sunansa watsarwa.

14. In an kafa, me ya fi lalata aikin?

Tsatsa. Ruwan da mai ya daɗe a ciki yakan narkar da ƙarfen ƙasa, da ya haɗu da iska sai ƙarfen ya koma jan ƙasa-ƙasa ya toshe sikirin na sama. Ruwa mai farar ƙasa shi ma yana barin ɓawo irin na gindin buta, ga kuma yauƙin ƙwayoyin halitta. Dole a riƙa buɗewa ana wankewa. Na biyu wuta: injin yana son ya yi aiki dare da rana, wata da watanni. Wutar da ke zuwa ta tafi ba ta riƙe zagaye, janareto kuma kuɗin mansa yakan fi na haƙa. Sola da batir ne mafita, tare da katanga da mai gadi, don an san abin da ke samun faranti da waya in an bar su a fili.

15. Tsawon wane lokaci ake ɗauka, kuma yaya za a san an gama?

A ƙaramin wuri mai yashi mai kyau, daga watanni zuwa 'yan shekaru. A babba, a shirya wa dogon zama. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni, wanda ya fito a watan Agustan 2011, ya tarar da man da ya kai kaurin santimita 8 yana iyo kan ruwan ƙasa a Nisisioken Ogale, da benzin da ya ninka iyaka fiye da sau 900 a rijiyoyin sha, ya kuma ce farfaɗo da yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Ba a yanke hukunci da ruwan cikin rijiyar aikin, domin shi kullum tsaf yake fita, yanzu aka wanke shi. Rijiyoyin sa ido da ke nesa su ne alƙalai. In sun sauka ƙasa da iyaka, sai a kashe inji a jira watanni, a sake aunawa. Sau da yawa adadin yakan sake hawa, saboda man da ya ɓuya cikin laka yana fitowa a hankali. Sai an ratsa rani da damina adadin bai ɗaga ba, sannan a yi maganar sha. Wanda zai ba da kwangila ya rubuta wannan cikin yarjejeniya, ya riƙe wani kaso na kuɗin har sai lokacin.

16. Wa zai biya, kuma wa ake kai wa kuka?

Ƙa'idar ita ce wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Dokar da ta kafa NOSDRA, hukumar tarayya mai kula da malalar mai, a 2006 ta wajabta wa wanda mansa ya zube ya kai rahoto cikin awa 24, ya kuma tsabtace wurin. Gidajen mai da ma'ajiyoyinsa suna ƙarƙashin hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa. Ga kuma NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da hukumomin muhalli na jiha, GOSEPA a Gombe da BASEPA a Bauchi.

Shawarata, a fara da mai unguwa, a zauna da mai gidan man. Shi ma asara yake yi, kuɗinsa ne ke tsiyaya cikin ƙasa, kuma da yawa ba su sani ba. Amma a je a ƙungiyance, da takardar gwaji a hannu da jerin gidajen da abin ya shafa da ranar da kowa ya fara jin wari. A kula da sulhun da zai tsaya kan "na haƙa muku sabuwar bohol". In aka haƙa ta a wuri ɗaya ba tare da an toshe ruwan sama da siminti ba, za ta jawo man zuwa ruwan ƙasa da ya rage mai kyau.

17. Mu da ke kusa da Kolmani fa, akwai abin da ya kamata mu yi tun yanzu?

Akwai, kuma ba shi da tsada in an kwatanta da duk abin da ke sama. An sanar da samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2019, aka ƙaddamar da aikin a watan Nuwamban 2022. Abin da ya fi wahalar da al'ummomin da ruwansu ya gurɓata shi ne nuna yadda yake kafin nan. Ƙungiyoyin ci gaban gari su sa a gwada rijiyoyinsu da bohol-bohol yanzu, har da gwajin mai yadda aka bayyana a tambaya ta 12, a rubuta wuri da rana, a ajiye kwafi wajen hakimi da ƙaramar hukuma.

18. Kafin a gyara, me za mu yi da ruwan? Wanka fa, da dabbobi, da alwala?

Kada a sha, kada a yi girki da shi, kada a ba dabbobi. Wanka ma a guje masa, musamman da ruwan zafi a rufaffen banɗaki, domin tururin ake shaƙa, yara da masu juna biyu su ne a gaba wajen kiyayewa. Batun alwala, malamai sun karantar da mu hukuncin ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da wani abu da ba nasa ba, sai a tambayi limamin unguwa in rijiyar masallaci ce.

A cire fis ɗin sumo don kada yaro ya kunna, a rufe bakin rijiya da murfi mai kwaɗo, a hana shan taba da hura wuta kusa da ita. Mai sayar da ruwa ya daina, ya kuma gaya wa 'yan ga-ruwan da suka saba ɗiba a wurinsa, don jarkokinsu ma sun sha man, roba kuwa tana riƙe shi. Inda ruwan famfo na Dadin Kowa yake zuwa a koma masa, a Bauchi na Gubi. Inda ba ya zuwa a sayi na tanka, a tambayi direba daga wace bohol ya ɗebo, a tabbata ba ta layin da ke bayanku ba ce.